Daga Guntun Takarda Zuwa Manhaja: Tarihin Kayan Tsara Babban Aiki



Littafi mai babi goma ana iya riƙe shi a ka. Marubuci ya san inda ya tsaya, ya san abin da ya rage. Amma idan babi ya kai sittin, taurarin labari suka kai talatin, ko aka haɗu mutum goma sha biyar za a fitar da kundin gajerun labarai, ƙwaƙwalwa takan gaza. Sai a manta wa aka ba gyaran labari na bakwai, ko a tarar tauraron da ya rasu a babi na 12 yana shan shayi a babi na 40. A nan ne ake fara neman manhajar tsara aiki. Wani ya ce Trello, wani ya ce Notion, wani ya ce Excel ta wadatar. Gardamar ba ta ƙarewa, domin kowa wadda ya saba da ita yake yabo.

Tarihi yana rage wannan gardama. Kowace manhaja da muke gani yau jika ce ga wata tsohuwar dabara, kuma kowace dabara an ƙirƙire ta ne don amsa wata tambaya guda da ta addabi masu wani aiki a zamaninsu. Wanda ya san tambayar da manhaja ta gada zai gane ko ita ce tambayar da ke gabansa.

Ƙamus da miliyoyin guntayen takardu

Bari mu fara da aikin da ya fi kusa da namu. A 1857 wata ƙungiyar masana harshe da ke Landan, Philological Society, ta fara maganar tattara kalmomin Ingilishi da ƙamusoshin lokacin suka tsallake. Maganar ta girma ta zama shirin sabon ƙamus gaba ɗaya, wanda zai kawo tarihin kowace kalma tare da misalan yadda aka yi amfani da ita a rubuce. Masu sa kai suka riƙa karanta littattafai suna kwafo jimloli suna aikowa. Shekara ashirin ana tarawa, amma tsarin ajiya ya yi rauni. Lokacin da James Murray ya karɓi aikin a 1879, takardun sun zo masa cikin buhuna da kwanduna, wasu sun jiƙe, wasu sun ɓace.

Murray ya gina wata rumfar kwano a gidansa, ya jera ramukan ajiya sama da dubu a bango, ya sake yin kira ga masu karatu. Abin da ya riƙe aikin shi ne ƙa'idar guntun takarda. Kowane guntu misali ɗaya tak yake ɗauke da shi. Kalmar da ake magana a kai tana sama ta gefen hagu, sai shekarar littafin, sai sunan marubuci da na littafin da lambar shafi, sannan jimlar. Tun da kowane bayani yana da wurin zamansa, mataimaki yana iya jera takardu bisa abajada ko bisa shekara ba tare da ya karanta jimlolin ba. Mutumin da ke Amurka da wanda ke ƙauyen Ingila, waɗanda ba su taɓa haɗuwa ba, takardunsu suna shiga rami ɗaya su zauna daidai.

An yi tsammanin kammalawa cikin shekara goma. Kashi na farko ya fito a 1884, bai ma gama harafin A ba. Murray ya rasu a 1915 ana kan aikin, ƙamusun Oxford bai cika ba sai 1928. Editoci sun mutu, an sauya wasu, amma aikin bai watse ba, saboda ba a kan mutum ɗaya yake ba, yana cikin takardun. Wannan shi ne abin da masana kwamfuta ke nufi yau idan suka ce bayanai masu tsari: abu ɗaya a kowane rikodi, da gurabe tsayayyu da ba sa canja wuri. Mu riƙe wannan, domin duk abin da zai biyo baya a kansa aka gina shi.

Masana'anta da tambayar yaushe

Guntun takarda yana faɗin mene ne, amma ba ya faɗin yaushe. Wannan tambayar daga masana'antun ƙarfe ta fito. Karol Adamiecki, injiniya ɗan ƙasar Poland, ya lura cewa a masana'antar da yake aiki injuna suna zaman jiran juna, wannan ya gama wancan bai shirya ba. A 1896 ya ƙirƙiri wani zane da ya kira harmonogram. Kowane aiki yana da ziririn takardarsa, lokaci yana gangarowa ta gefe, kuma ana iya matsar da zirin idan jadawali ya canja. Sai dai ya wallafa bayanansa da harshen Poland da na Rasha, masu karanta Ingilishi ba su san da shi ba sai daga baya. A nan akwai abin lura ga duk mai rubutu da harshen gida: fassara ce ke tsallakar da aiki zuwa ƙetare, kuma wanda aka fara karantawa sau da yawa shi ake ba suna.

Wanda ya sami sunan shi ne Henry Gantt, injiniya Ba'amurke da ya yi aiki tare da Frederick Taylor a masana'antun ƙarfe. A wajajen 1910 zuwa 1915 ya tsara jadawalin da har yau ake kira da sunansa: ayyuka a jere daga sama zuwa ƙasa, kwanaki a shimfiɗe daga hagu zuwa dama, kowane aiki da sandarsa da ke nuna tsawonsa. Burin Gantt shi ne shugaba ya kalli takarda ɗaya ya ga abin da aka yi alkawari da abin da aka cika. A Yaƙin Duniya na Ɗaya hukumomin Amurka sun yi amfani da shi wajen ƙera makamai da jiragen ruwa. Gantt ya rasu a 1919, sai Wallace Clark ya wallafa littafi a kan jadawalin a 1922, aka fassara shi zuwa harsuna da dama, har masu tsara tattalin arzikin Tarayyar Sobiyet suka ɗauka.

Jadawalin Gantt yana da rauni biyu. Na farko, da hannu ake zana shi, idan abu ɗaya ya canja sai a sake zane. Na biyu, yana nuna cewa aiki ya makara, amma ba ya nuna waɗanne ayyuka ne wannan makarar za ta ja ƙasa.

Wane jinkiri ne ke da illa

A 1957 Morgan Walker na kamfanin sinadarai na DuPont da James Kelley na Remington Rand suka tunkari rauni na biyu. DuPont kan rufe masana'anta don gyara, kuma kowace sa'a ta rufewa asara ce. Suka zana ayyuka a matsayin sarƙa, kowane aiki an nuna wanda dole a gama kafin a fara shi, suka ba kwamfutar UNIVAC lissafi. Abin da ya fito shi ne dabarar da aka sani da CPM. A cikin duk sarƙoƙin da ke cikin aiki akwai guda mafi tsawo, ita ce ke yanke ranar gamawa. Duk aikin da ke kanta ba ya jure jinkirin ko kwana ɗaya. Sauran kuwa suna da rarar kwanaki.

Mu gwada da littafi, da alƙaluman misali. Rubutu kwana 60, gyaran edita kwana 20, tsara shafuka kwana 10, bugu kwana 14. Kowanne yana jiran na gabansa, jimilla kwana 104. Zanen bango yana cin kwana 15, ana iya fara shi da zarar an gama rubutu, kuma ba a buƙatarsa sai ranar shiga maɗaba'a. Tsakanin gama rubutu da shiga maɗaba'a akwai kwana 30, ke nan mai zane yana da rarar kwana 15. Idan ya makara da mako guda, ranar ƙaddamarwa ba ta motsa ba. Idan edita ya makara da kwana uku, littafin ya makara da kwana uku. Sau nawa muke tayar da jijiyar wuya a kan mai zanen bango alhali rubutun yana kwance a wayar edita bai buɗe ba?

A 1958 rundunar sojin ruwan Amurka ta fito da 'yar uwar wannan dabara, PERT, tare da kamfanonin Booz Allen Hamilton da Lockheed, don shirin makami mai linzami na Polaris. Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a Oktoban 1957, Amurka tana cikin gaggawa, kuma yawancin ayyukan ba wanda ya taɓa yin irinsu balle ya san kwanakin da za su ci. Sai PERT ta nemi ƙiyasi uku ga kowane aiki: idan komai ya tafi daidai, abin da aka fi zato, da idan abubuwa suka dagule. A haɗa na farko da na uku, a ƙara na tsakiya sau huɗu, a raba gida shida. Babin da zai ci kwana 3 idan an samu natsuwa, kwana 5 a al'ada, kwana 13 idan rashin lafiya ko biki ya gitta, lissafinsa kwana 6 ne. Marubucin da ke sakin labari kashi-kashi ga masu karatu zai fi cika alkawari da wannan lissafi fiye da dogaro da kwanakinsa masu daɗi.

Labarin yana da wutsiya. An harba Polaris daga ƙarƙashin teku a Yulin 1960, PERT ta yi suna, hukumomi suka riƙa wajabta ta ga 'yan kwangila. Amma a 1972 Harvey Sapolsky, malami a jami'ar MIT, ya wallafa bincike a kan shirin, inda ya nuna cewa babban amfanin PERT shi ne burge 'yan majalisa da masu sa ido don su ƙyale injiniyoyi su yi aikinsu, ba da ita aka tafiyar da ainihin aikin ba. Wannan gargaɗi ne da bai tsufa ba. Allo mai launuka yana iya zama kwalliya da mutum ke nuna wa jama'a, har ya nuna wa kansa, a ranar da bai rubuta ko shafi ɗaya ba.

Katin Toyota

A daidai wannan zamani, a Japan, Taiichi Ohno na kamfanin Toyota yana fama da wata matsala dabam. Kamfanin ba shi da kuɗin tara kayan gyara a rumbu irin na kamfanonin Amurka. Ohno ya ɗauki darasi daga manyan kantunan Amurka, inda ba a ƙara kaya a kanta sai mai saye ya ɗauki na kai. A shekarun 1950 ya fara tsarin kanban, kalmar da ke nufin allo ko kati a Japananci. Kowane akwatin kaya yana da kati. Idan sashen gaba ya yi amfani da kayan, katin ya koma sashen baya, shi ne izinin ƙera wasu. Ba kati, ba ƙira. Tun da adadin katunan ƙayyadadde ne, kayan da ke kan hanya ba za su wuce iyaka ba.

Tambayar Ohno ita ce nawa muke riƙe da shi a hannu lokaci guda. A shekarun 2000 masu rubuta manhaja, musamman David Anderson, suka mayar da dabarar allo mai layuka: abin da za a yi, abin da ake kan yi, abin da aka gama. Mutane da yawa sun ɗauki allon sun bar iyakar, alhali iyakar ce ruhin tsarin. Marubucin da ya buɗe labari biyar, kowanne ya tsaya a babi na takwas, allo ba zai yi masa magani ba sai ya rubuta a saman layin tsakiya cewa biyu kawai aka yarda.

Kwamfuta ta hau tebur

Abubuwa biyu suka faru a shekarun 1970 da suka shafi batunmu kai tsaye. A 1970 Edgar Codd na kamfanin IBM ya wallafa maƙalar da ta kafa tsarin rumbun bayanai mai dangantaka. Ra'ayinsa shi ne a ajiye kowane irin abu a teburinsa, a haɗa teburan da lamba, kada a rubuta bayani ɗaya a wuri biyu. A harshen marubuci, teburin babuka daban, teburin taurari daban, sai mahaɗi da ke nuna wa ya fito a wane babi. Idan ka sauya sunan tauraruwa daga Binta zuwa Hajara a teburinta, duk babin da aka haɗa da ita zai nuna sabon sunan. Kana kuma iya tambaya: nuna mini duk babin da ita da kishiyarta suka haɗu wanda ba a gyara ba tukuna.

Na biyu, a 1979 Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar da VisiCalc a kan kwamfutar Apple II, jadawalin lissafi na farko da ya yaɗu a ƙananan kwamfutoci. Lotus 1-2-3 ta biyo a 1983, Excel a 1985. Don lissafin kuɗi aka yi su, amma mutane suka mayar da su wurin jera ayyuka, har gobe kuma haka ake yi. Ƙarfinsu shi ne 'yanci, kana ƙara gurbi yadda ka so. Rauninsu ma daga nan yake. Ba mai hana wani ya rubuta "an gama", wani "Angama", wani "ok", sai tacewa ta rikice a ɓoye ba wanda ya sani.

Jikokin Gantt da CPM ma sun shigo kwamfuta. An kafa Primavera a 1983, Microsoft Project ta fito a 1984. Raunin farko na jadawalin Gantt ya kau, domin idan ka matsar da aiki ɗaya duk na bayansa suna matsawa da kansu. Har yau su ne kayan aikin masu gina gadoji da matatun mai. Ga marubuci ɗaya kuwa sun yi nauyi, kamar ɗauko tirela don kai buhun gero guda.

Zamanin intanet da rabuwar hanya

A 1998 shirin Mozilla ya saki Bugzilla, manhajar bibiyar kurakuran manhaja. Kowace matsala tana da lamba, da mai ita, da matsayinta, da tarihin duk wanda ya taɓa ta. Guntun takardar Murray ke nan ya dawo, amma yanzu yana tafiya daga mataki zuwa mataki bisa ƙa'ida. A 2002 kamfanin Atlassian na Ostiraliya ya fitar da Jira, wadda sunanta ya fito daga Gojira, sunan dodon Godzilla a Japananci, don tsokanar Bugzilla. Jira ta ba da damar ƙirƙirar gurabe da matakai yadda aka ga dama, har da harshen tambaya nata na kanta. Wannan iko ne ya sa manyan kamfanoni suka rungume ta, shi ne kuma ya sa ma'aikata da yawa ke kuka da ita, domin duk gurbin da shugaba ya ƙara wani ne zai cika shi kullum.

Martani ya zo daga masu son sauƙi. Basecamp ta fito a 2004 da ra'ayin cewa aiki ya fi lalacewa saboda rashin magana tsakanin mutane, don haka ta fifita saƙonni da jerin ayyuka mara ado. Trello ta fito a 2011 da allon kanban da yaro ma zai gane, Atlassian ta saye ta a 2017 kan dala miliyan 425. Asana, wadda Dustin Moskovitz, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Facebook, ya kafa tare da Justin Rosenstein a 2008, ta tsaya a tsakiya. Daga baya Airtable da Notion suka ɗauko ra'ayin Codd suka sa masa fuskar jadawalin lissafi, ta yadda wanda bai san shirye-shiryen kwamfuta ba zai iya haɗa teburi da teburi, ya kuma kalli bayanai guda a matsayin allo, ko kalanda, ko jadawalin Gantt.

Akwai wata hanya ta uku da ba ta da talla. A 2003 Carsten Dominik, masanin taurari, ya ƙirƙiri Org-mode, a 2006 kuma Gina Trapani ta fito da tsarin todo.txt. Duka biyun a fayil na rubutu zalla suke ajiye ayyuka, da 'yan alamomi da ke nuna fifiko da rana da rukunin aiki. Ba su da kyan gani, kuma Org-mode tana buƙatar koyo mai tsawo. Amma kowace kwamfuta tana buɗe fayil ɗin, ko da intanet ko babu.

Manhaja tana mutuwa

Me zai sa ƙwararru su zaɓi rubutu zalla alhali ga manhajoji masu sheƙi? Tarihin baya-bayan nan ya ba da amsa. Wunderlist, wadda wani kamfani a Balin ta Jamus ya ƙera, tana da miliyoyin masu amfani. Microsoft ta saye ta a 2015, ta rufe ta a Mayun 2020, ta ce a koma sabuwar manhajarta. A Afrilun 2022 wani kuskure a aikin gyara na Atlassian ya goge shafukan abokan ciniki kusan 775, wasu sai da suka yi kusan mako biyu kafin a dawo musu da bayanansu. Waɗannan manyan kamfanoni ne masu kuɗi da ƙwararru. Littafi mai nauyi yana iya cin shekara biyar ko goma, manhajoji da yawa kuwa ba sa kai wannan shekarun ba tare da an sayar da su, ko an sauya farashi, ko an rufe su ba. Takardun ƙamusun Oxford kuwa suna nan a ajiye a Oxford har yau, ana iya ɗauka a karanta.

To wace za a zaɓa

Daga wannan tarihi za mu iya tsamo hanyar zaɓe, kuma ba daga manhaja ake farawa ba.

Da farko ka tantance mene ne guntun takardarka. Babi ne, ko fage, ko labari guda a cikin kundi, ko kalma a ƙamus? Sannan ka rubuta gurabensa a takarda kafin ka taɓa waya. Ga kundin gajerun labarai misali: lamba, take, marubuci, adadin kalmomi, edita, matsayi, ranar da ake jira, ko an sa hannu a yarjejeniya. Gurbin matsayi ya zama zaɓi ne daga jeri tsayayye, kamar an karɓa, ana gyara, an mayar wa marubuci, an amince, an tsara. Duk gurbin da ba za ka taɓa tacewa ko jerawa da shi ba, cire shi. Gurabe takwas da ake cikawa sun fi ashirin da aka bari fanko.

Na biyu, ka gano wace tambaya ce ke hana ka barci. Idan ranar ƙaddamarwa ce tsayayya kuma ayyuka suna jiran juna, kai ɗan gidan Gantt da Kelley ne, nemi manhajar da ke haɗa aiki da wanda yake jira, kuma ka gwada ka matsar da ɗaya ka ga ko sauran sun bi. Idan matsalar ita ce an fara da yawa ba a gama ba, allon Ohno kake buƙata, tare da iyakarsa. Idan kuma alaƙa ce ta yi yawa, taurari da wurare da shekaru da majiyoyin bincike, to gidan Codd za ka nufa, wurin manhajar da ke haɗa teburi da teburi. Mai tattara karin magana ko mai rubuta labarin tarihi na zuri'a uku a nan yake. Wanda yake aiki shi kaɗai, babukansa ba su da sarƙaƙiya, jadawalin Excel ko Google Sheets mai gurabe tsayayyu zai ishe shi shekaru.

Na uku, ka gwada ƙofar fita kafin ka shiga. Zuba layi ashirin na gwaji, ka fitar da su a matsayin fayil na CSV, ka buɗe a wata manhaja. Duba ko ranaku sun fito daidai, ko sharhin editoci ya biyo, ko mahaɗan da ke tsakanin tebura sun tsira. Mu masu rubutun Hausa muna da ƙarin gwaji: duba ko ƙ da ɗ da ɓ sun fito lafiya ba su koma alamar tambaya ba, kuma ka nemi kalma mai ƙugiya ka ga ko binciken manhajar yana gano ta. Wasu manhajoji ba sa ba da cikakkiyar fitarwa sai ga masu biyan kuɗi, wasu kuma tsarinsu na kyauta yana da iyakar layuka. Gara ka san wannan a ranar farko da ka sani bayan ka zuba aikin shekara biyu.

Na huɗu, ka auna manhajar da mafi raunin kayan aiki a cikin tawagarku. Yawancinmu da waya muke rubutu, data tana tsada, wuta ba ta da tabbas, kuɗin wata-wata kuma da dala ake biya, sau da yawa a kan kowane mutum. Kashe data ka buɗe manhajar ka ga abin da ya rage. Ba wa wanda wayarsa ta fi tsufa ya gwada sauya matsayin labari ɗaya. Idan abin ya ɗauke shi minti biyar, ba zai riƙa yi ba, kuma cikin wata guda allon zai daina faɗin gaskiya, a koma tambayar juna a WhatsApp.

Na ƙarshe, ka tuna binciken Sapolsky. Ka ware wa tsarin lokaci ƙayyadadde, misali rabin sa'a a ƙarshen mako don sabuntawa da fitar da kwafi a ajiye a wuri biyu. Idan ka ga lokacin da kake ɓatawa wajen sauya launin kati ya fi wanda kake rubutu, kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu, sai a rage.

Aikin wannan mako mai sauƙi ne. Kowa ya ɗauki aikin da ke hannunsa, ya rubuta mene ne guntun takardarsa, ya jera gurabensa kada su wuce takwas, sannan ya faɗi wace ce tambayarsa a cikin ukun nan: yaushe, nawa a hannu, ko me ke haɗe da me. Wanda yake da ranar ƙaddamarwa ya ƙara da lissafin sarƙarsa mafi tsawo, ya ga ko ranar da ya sanar wa masu karatu za ta yiwu. Ku kawo mu duba tare, mu gyara wa juna.

Allah ya ƙara basira, ya sa alƙalami ya yi albarka. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.